Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Abeshe

Wusasa, Zariya.

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan gida. Saƙonka ya iso ranar Lahadi bayan an tashi sujada, mahaifiyarka kuma ta sa na karanta mata shi har sau biyu. Ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne ramar da ta gani a hotonka. Ni kuwa abin da ya hana ni barci shi ne inda ka ce ka yi shekara ɗaya da wata huɗu a ƙasar Cadi ba ka ga ko mutum ɗaya da ya karɓi bishara ta hannunka ba, addu'a ta zame maka kamar taunar ƙaiƙayi, har ka fara tambayar kanka ko da ma Allah bai kira ka ba. Na ƙi amsa maka ta waya, domin irin wannan magana ba a yin ta cikin gaggawa, layi yana yankewa.

An yi maka baftisma a tsohon cocinmu na laka, ka kuma girma kana jin sunan Likita Miller, Baturen mishan da ya kawo bishara Zariya, amma ina jin ba ka taɓa zama ka ƙirga shekarunsa ba. Mutumin nan sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan da ke can ya koyi harshe kafin ya taka ƙasar Hausa. A 1900 suka isa Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki ya sallame su, suka komo Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai a 1905 ya sami zama cikin birnin Zariya. Masu bi da aka tara a ƙauyen Gimi, waɗanda ake ganin su ne amfanin gonar farko, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Ba a komo da mishan Wusasa ba sai a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuwa bai fito ba sai a 1932. Daga shigowarsa zuwa ranar da kakanka ya iya riƙe littafin nan a hannunsa, shekara talatin da biyu ke nan. Da a wata na goma sha shida ya zauna ya yi lissafin da kake yi yanzu, me zai rubuta wa waɗanda suka aiko shi, in ban da labarin kora da kabari?

Abin da na gani cikin saƙonka, wanda kai ba ka gani ba, shi ne cewa yaron da ya bar gidan nan ba zai iya rubuta shi ba. Ka tafi da takardar shaidar aikin jinya, da ayoyi a ka, da tabbacin cewa kana da amsar kowace tambaya, har ƙannenka suna kiranka Fasto a bayan idonka. Yau kai ne kake cewa ba ka sani ba, kuma a wurina wannan ci gaba ne, ko da yake na san ba shi da daɗi.

Ni ma an yi mini irin wannan karatu. Lokacin da aka tura ni koyarwa wani ƙauye ina saurayi, na shekara ina gyara wa mutane magana da ɗabi'a, ba wanda ya taɓa cewa in shigo in sha ruwa. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni, wata tsohuwa Musulma da ban taɓa tsayawa na gaishe ta yadda ya kamata ba ta riƙa aiko mini da kunun tsamiya safe da yamma har na miƙe. Bayan nan ne garin ya buɗe mini, domin sun ga ni ma mabuƙaci ne kamar kowa. Saboda haka, idan Larabcin Cadi yana ba ka wuya har yara suna yi maka dariya a kasuwa, ka bar su su yi, sa'an nan ka roƙe su su gyara maka. Kada ka fake da Faransanci don shi ne ya fi maka sauƙi. Macen da ta gudo daga Darfur da yaro a goye ba da Faransanci za ta gaya maka inda ke yi mata ciwo ba. Ka zauna a tabarma, ka sha shayinsu, ka ci tuwon geronsu ba tare da kana gwada shi da na mahaifiyarka ba. Abeshe tsohuwar hedikwatar daular Wadai ce, mutanenta suna da sarauta da malamai da tarihi tun kafin a haifi kakanninmu, kuma za su gane mai raina su tun daga yadda ya yi sallama.

Zaman da ka gani a nan shi za ka yi a can. Ka san kawunka na Tudun Wada Musulmi ne, bai taɓa fasa aiko mana da naman layya ba, mu ma ba mu taɓa fasa kai masa abincin Kirsimeti ba. Idan azumi ya zo kada ka ci abinci a idon jama'a. Ka yi wa marar lafiya jinya domin ba shi da lafiya, kada ka mai da allura da magani tarko. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa a fili cikin ladabi.

Game da bushewar addu'a, ka sake karanta 1 Sarakuna 19. Da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai fara da yi masa wa'azi ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake kwanciya. Kana aiki tun safe har dare a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, sa'an nan kana mamakin zuciyarka ta yi nauyi. Ka yi barci, ka sha ruwa, ka kwana cikin gidan sauro, ka riƙe ranar hutunka ko da layin marasa lafiya bai ƙare ba. Lokacin addu'ar asuba kuwa kada ka sake shi don ba ka jin komai. In kalmomi sun ƙi zuwa, ka buɗe Zabura ka karanta da murya, da Hausa, harshen da ka fara kiran Allah da shi.

Saɓanin da ka samu da abokin aikinka bai ba ni tsoro ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Bulus da Barnaba ma sun rabu a kan Markus, daga baya Bulus da kansa ya ce a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Ka je ka same shi ku biyu kaɗai, tun kafin maganar ta kai kunnen shugabanku.

Abin da nake jin tsoro shi ne rahoton da kake aiko wa ikilisiya. Na san masu ba da gudummawa suna son jin adadi, na kuma ji wani dattijo yana tambayar mutum nawa suka tuba, kamar ana ƙirga buhunan masara. Kada ka ƙara ko gishiri a cikin abin da ka rubuta, kada kuma ka ɗauki hoton marar lafiya ko ɗan gudun hijira don a tausaya a ƙara kuɗi. In wata ya wuce ba abin da ya faru sai wankin gyambo da koyon kalmomi ashirin, ka rubuta haka. In tallafin ya ragu saboda ka faɗi gaskiya, ni da mahaifiyarka mun riga mun yi shawara, za mu riƙa cire wani abu daga fanshona.

Maganar ko ka sabunta zamanka bayan shekara biyu, kada ka yanke ta yanzu da kake cikin gajiya. Ka zo hutu tukuna, ka zauna da Fasto da mu, a yi addu'a tare. In ka koma, da albarkarmu za ka koma, in kuma ka tsaya, ba wanda zai ce ka gaza a gidan nan.

Mahaifiyarka ta haɗa maka daddawa da kuka da yaji da ɗan kilishi, muna neman amintaccen mai zuwa Injamena ta hanyar Maiduguri. Zumuntar mata suna ambaton sunanka kowane mako, ƙannenka kuma suna gaishe ka. Ka rubuto ka gaya mini sunan wanda ke koya maka Larabci, ina so in aika masa da gaisuwa ta musamman.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Ni ne,
Mahaifinka.