A Gwada Madubin Saiti a Hunturu da Bazara Kafin a Miƙa wa Ma'aikata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani kayan aiki da ba kasafai ake tattauna shi ba, alhali kuwa ran ma'aikaci yakan rataya a kansa, wato madubin saiti da ake ɗora wa bindiga. Na yi aikin tsaron gandun daji kafin in ajiye aiki a nan Tahoua, kuma har yanzu ƙannenmu da ke bakin aiki sukan kawo mini kayan da aka raba musu mu duba tare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda sababbin samfura ke ta kwararowa kasuwa kowace shekara, dillalai suna yabon sabuntarsu, amma babu mai iya faɗa maka irin wahalar da aka ba madubin kafin a ce ya isa sayarwa.

Ban raina hujjar masu son a gaggauta fitar da sabon madubi kasuwa ba, domin tana da nauyi. Kamfanin da bai shirya sabon kayansa ba kafin babban baje kolin da ake yi a Las Vegas ta Amurka kowane watan Janairu, ko wanda ake yi a Nuremberg ta Jamus bayansa, yakan yi asarar cinikin shekara guda, kuma kowane watan da aka ƙara a ɗakin gwaji albashi ne ake biya ba tare da kuɗi sun shigo ba, wanda a ƙarshe mai saye ne zai biya shi. A namu ɓangaren ma, ma'aikacin da ke sintiri da tsohon madubi mai dishi-dishi yana da haƙƙin a kawo masa sabo da wuri. Jinkiri ma yana da nasa hatsarin. Sai dai ina ganin akwai gwajin da za a iya taƙaitawa, akwai kuma wanda taƙaita shi cin amana ne, kuma wajibi ne mu iya bambance su.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera madubin. Daga waje bututun ƙarfe ne mai gilashi a kowane baki, amma a ciki akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da wasu gilasan, wanda sifirin ke tokare shi a jikin kusoshi biyu da ake murzawa domin a gyara saiti, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya hagu da dama. A yawancin madubai na zamani, murzawa guda tana gusar da wurin da harsashi zai sauka da kamar santimita 1 a nisan mita 100, ko ƙasa da haka. Ke nan motsin da ke faruwa a cikin bututun bai kai kaurin gashin kai ba. Duk lokacin da aka yi harbi, bindiga tana tunkuɗowa baya da ƙarfin da ya ninka nauyin waɗannan ƙananan sassa sau ɗaruruwa, kuma ana son su koma daidai inda suke bayan kowane harbi, sau dubbai. Idan sifirin ya gaji, ko gam ɗin da ya riƙe gilashi ya saki, ko giris ya narke ya gangara, madubin ba zai nuna wata alama ba. Hoto zai fito tangaran, alamar gicciye da ake saiti da ita tana nan a tsakiya, amma harsashi ya tafi wani wuri dabam. Wannan shi ne babban abin tsoro: tocilan da ta lalace ba ta kamawa, ka san ta lalace, shi kuwa madubin saiti yakan lalace yana ci gaba da nuna maka cewa lafiya lau yake.

Irin wannan lalacewa ba ta bayyana a rana ɗaya. Gajiyar ƙarfe tana zuwa ne bayan an maimaita bugu sau da yawa, zoben robar da ke hana iska shiga yana bushewa ne bayan ya sha zafi da sanyi a jere, kuma iskar naitirojin ko argon da ake ɗura wa bututun domin kada gilashi ya yi gumi daga ciki tana sulalewa ne a hankali. Tun ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Leupold na Amurka ya fara cika madubansa da naitirojin, don haka dabarar ba sabuwa ba ce, abin tambaya kawai shi ne ko hatimin wannan samfurin zai riƙe ta. Akwai ma'aunai da duniya ta sani. Ƙa'idar gwajin kayan sojan Amurka mai suna MIL-STD-810, wadda ta fara fitowa a 1962, ta tanadi gwajin zafi, da na ƙura da yashi, da na jijjiga, da na faɗuwa, da na laima, kuma a gwajin ajiyar kaya na ƙasashe masu zafi da bushewa ana kai su har digiri 71. Alamar IP67 kuma tana nufin ƙura ba ta shiga, sannan kayan ya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Mai saye yana da ikon ya tambayi wanne daga cikin waɗannan aka yi, a wane ɗakin gwaji, kuma madubi nawa aka gwada.

Mu a nan mun fi kowa buƙatar amsar. A watannin Afirilu da Mayu zafin inuwa a Tahoua da Abalak da Tchintabaraden yakan haura digiri 40, wani lokaci ya kai 45, kuma baƙin bututun da aka bari a bayan mota cikin rana yana wuce haka nesa. A hunturu ƙura mai laushi kamar gari tana shiga duk inda iska za ta iya shiga, ta haɗu da giris ta riƙa cin zaren kusoshi, dare kuma ya yi sanyin da ƙarfe zai tsuke bayan ya buɗe da rana. Da damina ta faɗi sai laima ta zo ta gwada hatimin da bazara ta riga ta busar. A ƙara da kilomita ɗaruruwa na hanyar jar ƙasa mai gargada a kan babur ko bayan mota. Ma'aikacin da ke gandun W a kudu maso yamma, da wanda ke Gadabeji, da wanda ke Tarmit da Tin Tuma, gandun da aka kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000 a wancan lokaci, duk a cikin wannan hali suke aiki, kuma madubin da aka gwada a dajin Turai mai sanyi bai ga ko rabin wannan ba.

Kada a ɗauka wannan tsoro ne na tsofaffi kawai. A watan Nuwamba na 2015 kamfanin L-3, wanda ya mallaki EOTech, mai ƙera na'urorin saiti, a lokacin, ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 domin a kashe ƙarar da ta shigar a kansa, bisa zargin cewa ya daɗe da sanin na'urorin saitinsa suna samun matsala a tsananin sanyi da zafi da laima, amma ya ci gaba da sayar wa soja da jami'an tsaro. Sanarwar da wata rundunar sojan Amurka ta fitar a shekarar ta nuna cewa a zafin digiri 50 saiti yana iya kaucewa da kimanin santimita 12 a nisan mita 100. Digiri 50 a jikin ƙarfe kuwa abin yau da kullum ne a bazararmu. Idan ƙasar da ke da ɗakunan gwaji da lauyoyi ta ɗauki shekaru kafin ta gano, mu da ba mu da ko ɗaya yaushe za mu gano? Tarihin bindigogin kansu ma ya nuna haka, domin an gaggauta raba M16 a yaƙin Biyetnam tana ta cijewa har majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967, ita ma SA80 ta Birtaniya yashin yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya tona asirinta, sai da aka sake mata aiki daga baya.

Amsar da dillalai suka fi bayarwa ita ce garanti, wai idan ya lalace a mayar a sauya. Wannan magana tana da ma'ana ga maharbin da ke zaune kusa da shagon da ya saya. Ga ma'aikacin da ke Tassara, mayarwa tana nufin kayan ya je Yamai, ya jira takardun kwastan, ya ƙetare teku, sannan a jira dawowarsa watanni, idan ma dillalin bai ɓace ba. Kuma garanti yana mayar da kuɗi ne kawai. Ba ya mayar da dabbar da aka raunata ta tafi ta mutu cikin azaba, ba ya mayar da harsashin da ya kauce ya sami makiyayi ko garkensa, ba ya mayar da ma'aikacin da ya dogara da saitinsa a gaban masu farautar sata. Kamfanin da ya rage gwaji ya dogara da garanti, a haƙiƙa ya ɗauke gwajin ne daga ma'aikatarsa ya ɗora wa mai saye, da kuɗinsa da kuma ransa.

To a ina za a sami saurin? Ana samunsa ta gudanar da gwaje-gwaje a lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, da amfani da injin da ke kwaikwayon tunkuɗar bindiga dare da rana, wanda zai yi bugun shekaru cikin ƴan kwanaki, da kuma barin sassan da suka riga suka tabbata yadda suke. Idan launi ko zanen alamar ciki kawai aka sauya, babu laifi a taƙaita. Amma idan an sauya sifirin, ko gam, ko roba, ko masana'antar da ke haɗawa, to sabon kaya ne ko da sunan bai sauya ba, kuma dole a koma farko. Haka nan gwada madubi biyu ko uku da injiniyoyi suka haɗa da hannu cikin natsuwa bai isa shaida ba, sai an tsamo wasu ba zaɓe daga cikin waɗanda ake ƙerawa da yawa, domin a nan ne sakaci ke shiga. Kamfani yana kuma iya fitar da kaɗan da farko, ya faɗa a fili cewa na gwaji ne, ya saurari masu amfani kafin ya buɗe kasuwa.

Kirana ga ma'aikatar da ke kula da muhalli da gandun daji, da duk hukumar da ke sayen irin wannan kaya da kuɗin jama'a, shi ne a rubuta cikin takardar kwangila cewa sai mai kawo kaya ya gabatar da sakamakon gwajin zafi da ƙura da jijjiga daga ɗakin gwajin da ba nasa ba, kuma hukumarmu ta ingancin kaya da ma'auni, ANMC, ta duba takardun. Bayan haka a sayi kaɗan a raba wa zaɓaɓɓun ma'aikata a yankuna dabam-dabam tun daga watan Disamba har zuwa faɗuwar damina, a riƙa harbi a takarda a nisan mita 100 kowane mako ana rubuta inda harsashi ya sauka, a murza kusoshin a zagaya a dawo a ga ko saiti ya koma mazauninsa. Wannan ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, littafi ne da ma'auni da ƴan harsasai da shugaban da zai sa hannu. Wanda yake cikin buƙata ta gaggawa a ba shi samfurin da aka daɗe ana aiki da shi aka san halinsa, sabon kuma ya jira sakamakon littafin, kuma kada a biya cikon kuɗin kwangila sai an karanta shi.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin gandun daji,
Tahoua