Sanarwa kan garkar lakwal

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Sanyi ya fara shigowa, lokacin shuka ya yi, don haka ranar Asabar da safe za mu haɗu a bayan ajin CM2 mu gyara garkar yara.

Kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, wani lokacin famfo sai cikin dare yake kawowa. Shi ya sa bana za mu tara ruwan alwala da na wankin hannu a tano. Kowane yaro zai binne gorar roba mai ƙananan huji kusa da shukarsa, ruwan ya riƙa tsiyaya a saiwa, sannan a rufe ƙasa da ciyawa kada rana ta shanye danshin. Abin da ya gani da idonsa ya fi zama a kansa fiye da na allo.

Zogale za mu sa gefen katanga, salati da tumatir da yakuwa a tsakiya. Maganin ƙwari kuwa jiƙon ganyen dogon yaro ya isa.

Mai kashin awaki ko toka ya aiko, amma don Allah a tsince leda. Har yanzu muna neman wanda zai taimaka da ƙofa, awakin unguwa ba sa jin magana.