Zuwa ga Uwata, a kan Turancin da ke gudu daga kai

Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum, Uwata. Ya karatu, ya sanyin makarantar kwana? Mu nan lafiya lau muke, ƙannenki suna gaishe ki.

Mamanki ta ba ni labarin littafin da kika cika da kalmomin Turanci, kina kwafowa daga ƙamus kina haddacewa bayan sallar asuba, kafin mako ya zagayo rabi sun gudu. Ƙoƙarin ya burge ni, hanyar ce ban yarda da ita ba. Kalmomin nan sun fi ƙarfin hadda ɗaya bayan ɗaya, kuma masu tsara jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE ba za su tambaye ki waɗanda kika haddace ba kafin su zaɓi nasu.

Ki tuna sarfun da kika fara a makarantar Islamiyya. Haruffa uku, kaf da ta da ba, su suka haifi kitab da katib da maktab da maktub. Hausarmu ma haka take. Daga karanta aka sami makaranta da makaranci, daga ɗinka aka sami maɗinki, daga Turai aka sami Bature da Turanci. Ba wanda ya zaunar da ke ya koya miki waɗannan. Kunnenki ne ya gane cewa ma a gaba da i a baya suna nufin mai yin abu. Malaman nahawu suna kiran tsakiyar kalma saiwa, abin da aka liƙa a gaba ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya.

Turanci cike yake da irin wannan, kuma da dalili. A shekarar 1066 Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da malamai. Daga baya masana kimiyya suka riƙa ɗebo saiwoyin Girkanci suna raɗa wa sababbin abubuwa suna. Shi ya sa manyan kalmomin littattafanki yawancinsu haɗe-haɗe ne.

Ɗauki port, daga kalmar Latin mai nufin ɗaukar kaya. Ex fita ne, to export shi ne fitar da kaya, kamar kokon da ake lodawa a tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi. Im shiga ne, ga import. Trans tsallakawa ne, ga transport. Porter ɗan dako ne, irin masu ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia, portable kuma abin da ake iya ɗauka a hannu. Saiwa ɗaya, kalmomi biyar, ba ki buɗe ƙamus ba.

Tunda aikin jinya kike buri, a nan ribar ta fi yawa. Duk inda kika ga itis a ƙarshe, kumburi ne: hepatitis na hanta, gastritis na ciki, arthritis na gaɓoɓi. Hyper wuce kima, hypo kasawa. Hypertension shi ne hawan jinin da ke kai kakarki asibiti, hypoglycaemia kuwa faɗuwar sukari a jini, domin glyc zaƙi ne, aemia jini. Ki lura da hyper da hypo da kyau. Bambancinsu a rubutu kaɗan ne, amma ranar da Allah ya kai ki asibitin Komfo Anokye kika musanya su, ran mutum ne a hannunki.

Akwai wani abu da zai ba ki dariya. Gaɓar in mai kore ma'ana, ta cikin incorrect da invisible, takan sauya kama idan ta ci karo da wasu haruffa: impossible, illegal, irregular. Ai wannan ƙa'idar tajwidi ce! Nun mai sukun takan koma mim a gaban ba, takan narke cikin lam da ra. Baki ne ke neman sauƙi, na Balarabe ne ko na Bature.

Ɗafa-ƙeya ba sai na tsawaita ba. Tion da ment da ness suna nuna suna, ous da ful sifa, ly galibi yadda aka yi abu. Ko ba ki san ma'anar kalma ba, wutsiyarta za ta gaya miki gurbin da za ta zauna a jimla, kuma wannan kaɗai yakan fitar da zaɓi biyu cikin huɗu a tambayar jarrabawa.

Sai dai kada ki sakankance. Tankar mai da ke wucewa an rubuta inflammable a jikinta ba cewa take ba ta kamawa da wuta ba, akasin haka take nufi. Invaluable abu ne mai darajar da ta wuce a yi masa farashi. Understand kuwa ba ruwansa da tsayawa a ƙarƙashin wani abu. Saiwa hasashe take ba ki, jimlar da kalmar ke ciki ita ke yanke hukunci, ƙamus kuma shi ne shaida na ƙarshe.

Ga abin da nake so ki yi. Juya littafin nan naki ta baya, ki ba kowace saiwa shafi guda. Duk kalmar da kika tsinta a jaridar Daily Graphic ko a littafin bayoloji, ki kai ta gidansu, ki rubuta jimla da ita da kanki. Saiwa biyu a mako sun isa. Kin san jami'a ba ta karɓar ƙasa da C6 a Turanci, ko Legon ce ko KNUST.

Yayanki zai zo ranar ziyara da gari da yajin shito da kuɗin sabulu. Ki ba shi littafin ya kawo mini in duba shafukan farko, zan mayar miki. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki ƙwaƙwalwa.

Mahaifinki.