Zuwa ga Razak, a kan firizan nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kun fara sabawa da Nima. Mu nan Aboabo lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun Laraba.

Kawunka Sani ya dawo jiya, kuma a bakinsa na ji abin da ka ɓoye mini a waya. Wai firizan da ka saya na hannu don ƙanƙara da ruwan leda yana jan mutum in an taɓa murfinsa, kai kuma maganin da ka yi shi ne ka shimfiɗa kwali a gabansa, ka ce wa Hajara ta riƙa sa silifas. Kwali, Razak? Shekara nawa ka yi kana riƙe mini tsani?

Ƙarfe ba ya jan mutum haka kawai. Wuta ce ta bar hanyarta ta hau jikinsa, ko robar waya ta cinye a wani wuri, ko danshi ya shiga kwamfireso. Da wayar ƙasa tana nan, mai kore da rawaya, da ita ta kwashe wutar. Sani ya ce filogin ƙafa biyu ne, an cusa shi a soket mai rami uku da tsinke. To yanzu duk wanda ya dafa firizan, shi ne wayar ƙasar. Kada ka ce mini akwai fis. Fis ɗin filogi amfiya 13 ne, waya yake karewa kada ta ƙone. Abin da zai iya tsayar da zuciyar mutum bai kai ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Ku manya kuna da takalmi. Amaryata fa? Yanzu ne take dafa abu ta miƙe, ƙafa ba komai, siminti kuma jiƙe da ruwan ƙanƙara. Daren jiya ban runtsa ba, hannunta kawai nake gani a kan ƙarfen nan. Wutar da ke gidajenmu volt 230 ce, kuma ba kullum take wurgar da mutum ba, takan sa hannu ya ƙanƙame ya kasa saki. Ka san abin da ya faru a gidan bayan masallaci shekarar da aka haifi Rabi. Ni na sauke breka ranar, kuma na makara.

Kakan ce ina da tsanani. Ranar da na mare ka gaban yaran shago don ka kama waya ba ka sa tasta ba, mahaifiyarka kwana uku ba ta yi mini magana ba. Har yau ban yi nadama ba. Na ɗauka marin ya zauna.

Ka zare filogin yau, ko ƙanƙarar duka za ta narke. Ka nemo mai wayarin da ke da takardar Hukumar Makamashi, ba yaron unguwa mai sukudireba ɗaya ba. Ya sa mega, na'urar da ke auna ko wuta na zuba, a kan volt 500 tsakanin wayoyin wuta da jikin firizan, in bai kai megohm 1 ba, kada a sake kunna shi. Ya canza filogin zuwa mai ƙafa uku, ya gwada ko ƙafar sama, ta wayar ƙasa, ta haɗu da ƙarfen firizan, ya duba sandar da aka binne a ƙasa, don masu gida da yawa waya kawai suke saƙalewa a bango. Sannan ya sa maka breka mai miliamfiya 30, irin wadda ke yanke wuta da zarar ta fara zuba, mai ɗan maɓallin gwaji da aka rubuta wa T. Ka riƙa danna shi duk wata uku. In ta riƙa faɗuwa, wuta ce ke zuba, kada wani ya ɗaure maka ta bayanta.

Na san kuɗin haya ya cinye maka jari, ban kuma raina ƙoƙarinka ba. Gobe zan turo maka abin da ya sawwaƙa ta waya, na breka ne, ba na kaya ba. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ba direba daddawa da busasshiyar kuɓewa. In an gama aikin ka ɗauko mini hoton filogin.

Mahaifinka