Mawaƙa sun samu littattafai, su kuma masu ɗaukar sautin fa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani ɓangare na tarihin waƙa da marubutanmu suka tsallake.

Marigayi Dakta Mamman Shata ya rasu a 1999, nan Daura aka binne shi, kuma a 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da Shata Ikon Allah, Allah Ya saka musu. To amma muryar nan da muke ji har gobe ai ba da kanta ta shiga faifai ba, akwai wanda ya dasa makirfo, ya san inda zai zaunar da masu kalangu don kada su danne 'yan amshi, akwai kamfanin da ya buga faifan garmaho, akwai ɗan kasuwar da ya kwafa a kaset ya baza ƙauyuka. Su waye? Nawa ake biyan mawaƙi lokacin, kuma haƙƙin mallaka yana hannun wa?

Turawa ba sa wasa da wannan fanni. George Martin, furodusan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles, shi da kansa ya rubuta littafin aikinsa a 1979. Kamfanin waƙa na Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 kuwa an yi ta rubutu a kansa har ba a ƙirgawa. Kai ko situdiyon kamfanin faifai na EMI da ke Legas a lokacin ya shiga littattafansu, saboda Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo ya yi rikodin a can a 1973. Baƙo ya zo na 'yan makonni an rubuta, mu 'yan gida shiru.

Ni abin da ya fi damuna ma zamanin kaset ne da farkon Kannywood, lokacin da fiyanon Yamaha ya shigo situdiyoyin Kano irin na Iyan-Tama ya canza kiɗan Hausa gaba ɗaya, yaro ɗaya ya zauna ya fitar da sautin kalangu da algaita ba tare da makaɗi ko ɗaya ba. Wasu na ganin ci gaba ne, ni dai ina ganin ya kashe wa makaɗan gargajiya kasuwa, amma ko ma mene ne ai tarihi ne. Dillalan kaset na Ƙofar Wambai ma waya da memori sun tashe su daga sana'ar.

Da yawa daga cikin masu ɗaukar sauti da dillalan nan suna raye, sai dai tsufa ya kama su. Ina kira ga sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da su tura ɗalibai su yi hira da su, har da tsofaffin ma'aikatan Rediyon Kaduna da suka ɗauki mawaƙan nan. Kuma in an rubuta a buga da Hausa don Allah, kar a bar shi a kundin digiri.

Naku,
Mai karatu daga Daura, Jihar Katsina