Wasiƙa Zuwa Ga Aboki Mai Son Fara Kallon Tsuntsaye

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da jin cewa tsuntsayen da ke sauka kusa da kai sun fara ɗaukar hankalinka har kana son sanin sunayensu. Ka tambaye ni kayan da za ka nema. Zan zo kansu, amma bari in fara da yadda ake kallon, don a nan ne yawancin sababbin shiga suke tuntuɓe.

Sabon shiga launi yake bi. Da ya hango tsuntsu mai ruwan ɗorawa sai ya sunkuya kan littafin gane tsuntsaye yana neman mai wannan launin, kafin ya ɗago kai tsuntsun ya tashi. Launi kuwa yana ruɗarwa: namiji da mace sukan bambanta, ƙaramin da bai daɗe da barin sheƙa ba sau da yawa bai yi kama da iyayensa ba, wasu kuma suna sauya gashi idan lokacin yin sheƙa ya wuce. Ko hasken rana kaɗai yana iya mai da shuɗi ya koma baƙi a idonka. Saboda haka muddin tsuntsu yana gabanka, kada ka ɗauke ido daga kansa. Littafi ba ya tashi, zai jira ka.

Fara da girma, ka auna shi da waɗanda ka riga ka sani: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Daga nan ka dubi baki, domin baki ne ke faɗa maka abincinsa, abincin kuma ya kai ka ga danginsa. Gajere mai kauri na fasa tsaba ne, siriri mai tsini na kama ƙwari ne, mai lanƙwasa kamar ƙugiya na yagar nama ne, dogo miƙaƙƙe kamar mashi na cafke kifi ne. Sai tsawon ƙafa da wuya, da siffar jela. Bayan waɗannan ne za ka nemi ƙananan alamomi: ko akwai zane ta kan ido, ko fararen layuka a fiffike, ko tukku a kai.

Ɗauki balbela. Fara ce, bakinta ruwan ɗorawa, wuyanta gajere da ɗan kauri, kuma tana bin shanu a kan tudu tana tsintar ƙwarin da suka tayar. A bakin ruwa kuma za ka iya ganin wani farin tsuntsu da za ka rantse ita ce. Duba da kyau: ya fi ta siranta, bakinsa baƙi, ƙafafunsa baƙaƙe, amma idan ya ɗaga ƙafa daga ruwa sai ka ga yatsun ruwan ɗorawa ne, kamar ya taka fenti. Jinsi biyu ne daban, kuma farin gashin bai taimake ka da komai ba wajen raba su.

Tashi ma shaida ne, har daga nesa. Zalɓe yana naɗe wuyansa baya idan yana sama, shamuwa da gauraka kuwa miƙe wuya suke yi. Shirwa ana gane ta da jelarta mai ɗan tsagi wadda take murɗawa tana shawagi. Maƙwaƙwafi yana tafiya sama da ƙasa kamar igiyar ruwa: ya kaɗa fukafukai, ya rufe su, ya sake kaɗawa.

To, kaya. Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne babba, kuma shawarata ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Lambar 8 tana nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tattara haske. Kada girman lamba ya ja ka zuwa mai 12 ko 16. Duk yadda kusantowa ta ƙaru, haka rawar hannunka ke ƙaruwa a cikin hoton, filin da kake gani kuma ya ƙuntata, sai ka yi ta lalube a bishiya ba ka sami tsuntsun ba.

Daidaita shi sau ɗaya da kyau, don mutane da yawa suna fama da ciwon kai suna zargin madubin alhali ba su yi wannan ba. Ka matse ko ka buɗe ɓangarorin biyu har sai da'ira biyu sun zama ɗaya. Idan kana sa tabarau, ka mai da robar da ke kewaye da gilashin ido ƙasa; idan ba ka sawa, ka ɗago ta. Sannan ka zaɓi abu marar motsi, kamar rubutu a kan allo mai nisan mita 20 ko 30. Rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, ka murɗa abin juyawa na tsakiya har idon hagu ya ga rubutun tangaran. Sai ka rufe na hagu, ka bar na tsakiya yadda yake, ka juya zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya washe. Wannan zoben yana cike bambancin da ke tsakanin idanunka biyu, kuma daga ranar na tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa. Idan ka ga tsuntsu, kafa masa ido, ka ɗago madubin zuwa fuskarka ba tare da ka kalli hannunka ba. Gilashi idan ya yi ƙura, hure shi tukuna kafin ka goge da tsumma mai laushi, don ƙurar ce ke karce shi. Kada ka taɓa duban rana da shi, yana lalata ido.

Ka fita da sassafe, awa biyu zuwa uku na farko bayan gari ya waye, lokacin da suke kuka da neman abinci. Manyan masu shawagi irin su ungulu da mikiya sai hantsi, don suna jiran ƙasa ta yi zafi iska mai ɗumi ta ɗaga su. Ka sa rana a bayanka, ka sa tufafi marasa ƙyalli, ka yi tafiya a hankali. Mafi albarkar wuri shi ne inda yanayi biyu suka haɗu, kamar bakin kurmi da fili, ko gefen ruwa. Zama wuri ɗaya na minti 20 yakan nuna maka abin da yawon awa guda bai nuna ba.

Riƙe ƙaramin littafi da fensir. Rubuta kwanan wata, wuri, lokaci, da abin da idonka ya gani, kafin ka duba hoton kowa, domin da zarar ka ga hoto zuciya tana ƙara wa tsuntsunka abin da ba shi da shi. Littafin gane tsuntsaye kuma ya zama na yankin da kake zaune. Jinsin tsuntsaye a duniya sun haura 10,000, taswirar da ke gefen kowane hoto, mai nuna inda ake samun tsuntsun, ita ce ke rage maka su. A waya akwai Merlin, manhajar kyauta ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, mai yi maka 'yan tambayoyi kan wuri, kwanan wata, girma, launi da abin da tsuntsun ke yi, kuma tana sauraron kuka. Tana kuskure, musamman a wuraren da ba a tara mata muryoyi da yawa ba, don haka ka tabbatar da idonka. Akwai kuma eBird, wadda aka fara a 2002, inda ake ajiye jerin abin da aka gani, masu bincike kuma suna amfani da shi. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka sa masa suna.

Roƙona gare ka, ka nisanci sheƙa. Uwa idan ta firgita ta bar ƙwai, zafi ko sanyi ko wata dabba mai cin ƙwai na iya gamawa da su kafin ta dawo. Kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito ma wahalar da shi ne, yana barin abinci da 'ya'ya ya zo faɗa da abokin gaban da babu shi.

A watan farko ka tsaya kan jinsi goma da ka fi gani, har ka iya gane kowanne ta baya, a sama, da kuma ta kuka. Ka aiko mini da jerinsu tare da abin da ka rubuta a kan waɗanda suka gagare ka, mu duba tare.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Abokinka