A riƙa barin yara suna kiwon tsutsar malam-buɗe-littafi

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi kira ga iyaye da malaman firamare kan wani abu da yara za su iya yi da hannunsu ba sai an sayi komai ba, wato kiwon tsutsa har ta zama malam-buɗe-littafi. A aji ana zana musu a allo, ƙwai, tsutsa, kwanso da take rikiɗa a cikinsa, sai mai fukafuki, su haddace su zuba a jarrabawa, amma ka tambayi yaron ko ya taɓa gani da idonsa sai ya tsaya yana kallonka, alhali a lokacin zafi abin gaba ɗaya bai fi wata ɗaya ba.

Inda mutane ke ɓata aikin shi ne wajen ganye. Yaro zai tsinto tsutsa, a jefa ta a kwalba a yago mata ko wane irin ganye, kwana biyu ta mutu a ce wai ba ta kiwuwa. Ba haka ba ne wallahi, yunwa ce ta kashe ta, don yawancinsu kowace da irin ganyen da take ci kuma ta gwammace ta mutu da ta taɓa wani. Uwar ma da ƙafafunta take ɗanɗana ganye kafin ta yarda ta saka ƙwai a kansa. To shi ya sa inda ka ga tsutsa, wannan ganyen da take kai shi ne abincinta, shi za a riƙa kawo mata sabo kullum, kuma a tabbata ba wanda aka yi wa feshin magani ba ne. Misali wadda ake gani a jikin tumfafiya, mai zane baƙi da fari da rawaya, ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai ruwan lemo da bakin fiffike baƙi da ɗigon fari, kuma gubar tumfafiyar da ta ci tana nan a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ba sa son cin ta. Ta bishiyar lemo kuwa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take sak, sai ta girma ta koma koriya, in ka taɓa ta ta turo wani ɗan ƙaho mai baki biyu mai wari, yara na son ganin wannan sosai.

Wurin ajiyewa ba wani abu ba ne, roba ko kwalba mai faɗi, a rufe bakin da ƙyalle mai shan iska a ɗaure, a sa ɗan kara a tsaye, kar a ajiye a rana kuma kar a zuba ruwa a ciki don nutsewa take yi, ruwan ganyen ya ishe ta. Kashin dai a riƙa zubarwa kullum, yana da yawa fa.

Yawanci tana yin saɓa sau huɗu tana girma, na biyar shi ne ke fito da kwanson. In yaro ya ga ta daina ci ta hau sama ta maƙale shiru, a ja masa kunne kar ya girgiza kwalbar ko ya tsokale ta wai ya ga ko tana da rai. Sati ɗaya zuwa biyu za a jira, nan ne haƙurin yara ke ƙarewa, ni kam a ganina nan ne ma amfanin abin yake. Ranar da malam-buɗe-littafin zai fito fukafukan a jiƙe suke a cukurkuɗe, sai ya rataya yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu har su miƙe su bushe, in wurin ya yi masa kaɗan ko aka ɗauke shi da wuri shikenan ya nakasa ba zai tashi ba. Bayan 'yan awoyi sai a kai shi inda aka samo tsutsar a sake shi.

Kuma ba kullum ake dacewa ba, wani lokacin ƙuda ko wani ɗan zanzaro ya riga ya saka ƙwansa a jikin tsutsar tun tana waje, sai ka ga shi ne ya fito maimakon abin da ake jira, wani lokacin kuma irin na dare ne masu zuwa gindin fitila zai fito. Kar a ɓoye wa yaro, a bar shi ya gani ya zana a littafinsa da kwanan wata. Maria Sibylla Merian, mai zane da nazarin ƙwari 'yar Jamus da aka haifa a 1647 da haka ta fara, tana shekara 13 tana kiwon tsutsar siliki tana zanawa, a zamanin da mutane da yawa ke ɗauka daga laka ƙwari ke fitowa, har a 1699 ta tafi ƙasar Suriname a Kudancin Amurka takanas don wannan aikin.

Gizaka mai gashi dai kar yara su taɓa da hannu saboda ƙaiƙayi, nonon tumfafiya kuma yana illa sosai in ya shiga ido, babba ya tsinko musu ganyen sannan kowa ya wanke hannu.

Roƙona Edita, a shafin yara ku ɗan sa hoton tsutsar lemo da ta tumfafiya tare da abin da kowace ke zama, don iyaye su gane wadda za su ɗauko. Na gode, wassalam.

Daga wata uwa mai karanta ku.